Gidan Su Chisato Ya Taso Ko Bai Taso Ba

Chisato Kurahashi ko mako ba ta cika ba a sakandaren Kazahama aka tare ta a wurin ajiye takalma. Ta sunkuya tana cire silifas ɗin shiga aji, sai ta ga ƙafafu biyu sun tsaya a gabanta, rana ta ƙone su, duk jijiya. Ta ɗaga kai. Wata doguwar yarinya ce 'yar ajin ƙarshe, gashinta a yanke guntu kamar na namiji.

"Ke ce Kurahashi ta Nagoya?"

"Ni ce, Yaya."

"Sunana Rinka, ni ce shugabar 'yan gudu. Na binciko ki, an ce kina gudu a tsohuwar makarantarku."

"Ai ba wani abin kirki ba ne."

"A nan abin kirki ne. Mu huɗu ne. Tseren miƙa ɗamara na lardi mutum biyar yake so. Kin iya lissafi ai?"

Chisato ta san tseren sarai. Duk watan Nuwamba ake yinsa: 'yan mata biyar daga kowace makaranta, kowacce ta ci nata yankin titi da ƙyallen makarantarsu, wato ɗamarar, rataye a kafaɗa, ta miƙa wa ta gaba. A Nagoya su wajen talatin ne a ƙungiyar, kuma ita aikinta ranar tsere bai wuce riƙe goran ruwa da rigunan sanyin manya ba. Tun a cikin jirgin ƙasan da ya kawo su ta yanke wa kanta cewa ita da gudu sun yi sallama. Amma Rinka ta tsare ta da ido, ba ta ko ƙiftawa. Sai ta ce, "Zan yi tunani, Yaya."

"Madalla," in ji Rinka. "Gobe da yamma, bakin teku. Ki zo da takalminki."

Haka ta tsinci kanta tana gudu a kan katangar tare igiyar ruwa, bayan Rinka da wasu ƙanana uku, ba tare da ta tuna lokacin da ta ce ta yarda ba. A can baya kuma Malam Udagawa ne yake tafe a kan kekensa, da hular kwano, da usur a wuya wanda bai taɓa hurawa ba. Malamin tsofaffin waƙoƙi ne. 'Yan makaranta sun ce an ba shi ƙungiyar gudu ne don shi kaɗai ne malamin da yake da keke.

Abin mamaki, gudun ya yi mata daɗi. Iskar gishiri, warin kifin shanya, babu mai yi mata tsawa. Da ta wuce Rinka a hawan tudun haikali, maimakon a harare ta, sai ta ji ƙananan suna ihu kamar an ba su kyauta. Malam Udagawa ya rubuta sunanta cikin masu tsere, kowa ya koma gida yana murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Wata safiya Malam ya kira ta ɗakin malamai. Ta same shi tsaye gaban teburin mataimakin shugaban makaranta, Malam Sekine, kamar ɗalibin da ya yi laifi.

"Kurahashi," in ji Malam Sekine, "akwai doka. Ɗalibin da ya sauya makaranta ba ya shiga gasar makarantu sai ya yi wata shida. An yi ta ne don kada manyan makarantu su riƙa sace yaran mutane. Ke kin zo a Satumba, tsere a Nuwamba. Kin gane?"

"Na gane, Malam."

"Sai dai in duk gidanku ne kuka taso gaba ɗaya. To wannan ba laifi."

Malam Udagawa ya saki ajiyar zuciya. "Ai shi ke nan. Duk gidanku kuka taso, ko ba haka ba?"

"Ni da Mama ne muka zo."

"Babanku fa?"

"Yana Nagoya."

"Zai biyo ku dai daga baya?"

Malaman biyu suna jira. Chisato ma jira take yi, ko amsar za ta faɗo mata daga wani wuri.

Gaskiyar magana ita ce ba wanda ya gaya mata komai. Cikin zafin bazara aka bugo waya cewa Kaka, mahaifin Mama, ya faɗi a cikin kwalekwalensa, ɓarin jikinsa ya shanye. Mama ta ajiye wayar ta ce, "Za mu koma Kazahama." Baba ya ce, "To." Iyakar shawarar da aka yi a gabanta ke nan. Kafin nan ma, an fi shekara gidansu ba faɗa ba hira. Kafin Baba ya dawo daga masana'anta kowa ya ci abinci, sai ya ɗumama nasa ya ci shi kaɗai. Da za su taho Mama ta kwashe kayan sanyi kaf, ta ɗauke tukunyar dafa shinkafa, amma ta bar hotunan aurensu a bango. Chisato ta daɗe tana auna wannan a ranta. Mai tafiya ba dawowa ba ta barin hotuna, mai dawowa kuma ba ta ɗauke tukunya.

"Ban sani ba, Malam," ta ce.

Malam Udagawa ya ce kada ta damu, zai bugo wa hukumar wasannin makarantu ta lardi ya ji.

Da yammar wata Alhamis, bayan sun gama gudu suna zaune a kan katanga, ya jingine kekensa ya zo ya tsaya a gabansu. Bai ko cire hular kwanon ba.

"Na yi magana da mutum uku," ya ce.

"Me suka ce?" in ji Rinka.

"Na farko ya ce jinyar kaka lalura ce da ba makawa, yana ganin za a bari, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Ya haɗa ni da na biyu. Na biyu ya ce inda maigida yake nan gida yake, tunda uban yana Nagoya, gida bai taso ba. Amma shi ma ya ce ba shi ke yankewa ba."

"Na ukun fa?"

Malam ya dubi teku, ya dubi takalminsa. "Wata dattijuwa ce, ta daɗe a ofishin. Ta ce... ta ce in da a ce mata da mijin sun rabu ne, to uwa da 'ya su ne gidan gaba ɗaya. Ta ce irin wannan ko zama ba a yi a kansa, nan take ake sa hannu."

Ƙaramar cikinsu ta karkata kai. "Ke nan in iyayenta suna tare ba za ta yi gudu ba, in sun rabu za ta yi?"

"To ai da sauƙi!" in ji Rinka, har da tafa hannu. "Kurahashi, iyayenki sun..."

Sai maganar ta maƙale mata. Kunnuwanta suka yi ja wur. Tsuntsayen teku suna ta kuka a kan kasuwar kifi.

A hanyar gida Chisato ta tsaya a ƙofar haikali kamar yadda ta ga mutanen garin suna yi. Ta jefa tsabar kuɗi, ta tafa hannu sau biyu, ta rufe ido. Sai ta rasa abin da za ta roƙa. In ta roƙi ta yi gudu, me ta roƙa ke nan? In ta roƙi ɗayan kuma, ta yi wa Rinka me? Ta daɗe a tsaye, ta sunkuyar da kai ta wuce.

Ta sami Mama tana ba Kaka miya da cokali. An sauko masa da shimfiɗarsa ɗakin ƙasa tun da aka sallamo shi daga asibiti. Chisato ta zauna ta kwashe labarin dokar ta faɗa, tana kallon kwanon shinkafarta, ta tsallake zancen dattijuwar.

"Mama, Baba zai zo ne?"

"Buɗe bakinka, Baba," in ji Mama, da nata uban take. Ta goge masa haɓa. "Ki tambaye shi mana. Ba kina da lambarsa ba?"

Kaka ya ture cokalin da hannunsa mai lafiya. Maganarsa ta zama a jaye tun ciwon, sai an kasa kunne. "Ki gaya musu... ni na taso. Daga sama... zuwa ƙasa. Su rubuta." Ya yi dariya har miya ta sarƙe shi.

Chisato ta fita tsakar gida ta bugo wa Baba. Tana jin talabijin a bayansa, da ƙarar zuƙar taliya.

"Baba, za ka zo?"

"Hutun ƙarshen shekara? Sosai ma."

"A'a. Zuwa na zama."

Zuƙar taliyar ta tsaya. "Me Mamanki ta ce?"

"Ta ce in tambaye ka."

"Af. To... ai ita ta fi sani. Kina cin abinci sosai dai ko?"

Da mako ya zagayo Malam Udagawa ya zo gidan da kansa, cikin kwat, da ɗan kwalin alewar wake a hannu. Mama ta kawo masa shayi. Chisato tana bayan ƙofar ɗakin, wadda da takarda aka yi ta, tana jin komai. Malam ya yabi lambun. Ya tambayi jikin tsoho. Ya yi zancen tsadar ƙaguwa a bana. Ya shanye shayi aka ƙara masa, ya sake shanyewa. Can dai ya ce, "Uwar Chisato, ki gafarce ni, akwai wata 'yar tambaya, ba don ni ba, hukuma ce take so ta san... wato yanayin... yadda gidan yake a yanzu."

"Kana tambaya ko aurena yana nan?"

"A'a! Wato... i."

Chisato ta ji Mama ta ce, a hankali, ba fushi a muryarta, "Malam, kai da kake da lambobin mutane da yawa, in ka gano amsar ka bugo mini."

Kazahama ƙaramin gari ne. Kafin Asabar mai sayar da kifi ta ƙara wa Chisato guda biyu a leda tana cewa, "Ki yi haƙuri 'yata, maza duk haka suke." Direban bas kuma ya ce ya ji babanta ya sayi fili a bayan asibiti. A makaranta wasu suka daina yi mata zancen iyaye sam, wasu suka riƙa tambayarta yaushe za a kawo kaya. Kowa ya san wani abu game da gidansu, ban da ita.

Ranar Asabar da hantsi tana shanya wanki sai ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Farar motar Baba ce, an cusa mata kaya har ba a ganin gilashin baya: katifa a naɗe, fanka, kwalaye, sandar kamun kifin da bai taɓa amfani da ita ba, da tukunyar fulawar da ke barandarsu ta Nagoya. Ya fito yana dafe da ƙugu, idanunsa jajaye don tuƙi.

"Malaminku ya bugo mini," ya ce wa Chisato. "Mutumin kirki, sai dai ba ya gama magana. Na dai fahimci ana so in taso."

Mama ta fito tana goge hannu a jikin rigar girki. Ta dubi motar, ta dube shi.

"Mene ne wannan?"

"Kaya."

"Na ga kaya. Tasowa ka yi ko ziyara ka zo?"

"An ce yarinya ba za ta yi gudu ba sai na taso."

"Saboda gudu ke nan."

"Ban ce saboda gudu kaɗai ba."

"To saboda me?"

"Ke kin ce in zo ne? Kika tashi kika ce 'za mu koma Kazahama.' Na tsaya ina jira in ji ko da ni a cikin 'mu' ɗin, kika hau ɗaure kaya."

"Kai kuma ka ce 'to'! Mutum ya ce zai tafi da 'yarka ƙarshen duniya, ka ce 'to'?"

"Ubanki ne ba lafiya! Me zan ce? A'a?"

"Da ka ce wani abu! Ko me!"

"Kin tafi da tukunyar shinkafa, Kumiko."

"Ka iya dafa shinkafar ne?"

Chisato tana tsaye da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarta. Rabon da ta ji sun yi wa juna magana mai tsawon haka har ta manta. Ba ta san ko faɗan rabuwa take kallo ba ko na shiri. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, ta koma. Daga ɗaki Kaka ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, "Ku shigo... kuna kora mini kifi." Nan gidan babu kifin da za a kora, amma suka shiga.

An sauke katifar. An shimfiɗa ta a ɗakin sama na Kaka, ba a ɗakin Mama ba. Sauran kwalayen aka bar su a mota. Ranar Lahadi Baba ya gyara famfon banɗaki, ya ɗaga Kaka ya kai shi wanka, suka ci abinci su huɗu a tebur ɗaya. Da la'asar ya shiga mota ya koma Nagoya, don aiki na jiransa Litinin. Ya bar katifar da fulawar, ya tafi da fankar.

"To ya taso ko bai taso ba?" in ji Malam Sekine ranar Litinin.

"Katifarsa ta taso," in ji Malam Udagawa.

"Shi fa?"

"Ya ce zai riƙa zuwa duk Asabar."

"A ina ya fi kwana?"

"Nagoya."

"To bai taso ba."

"Amma ya ce zai nemi a sauya masa wurin aiki."

"To zai taso."

"Wanne zan gaya wa hukuma?"

Malam Sekine ya cire tabarau ya murza ido. Ya juya ga Chisato da ke tsaye a gefe. "Ke me kika gani?"

"Sun yi faɗa, Malam. Daga nan kuma suka ci abinci."

Aka aika wa hukuma bayani yadda yake. Amsa ba ta zo ba sai da tsere ya matso. Malam Udagawa ya tara su a bakin teku ya faɗa musu. Kwamitin da ke duba irin wannan ba zai zauna ba sai bayan tseren. Saboda haka ba a hana Kurahashi gudu ba, ba a kuma ba ta izini ba. In ta yi gudu, makarantar za ta shiga ne a matsayin baƙuwa: za su bi titi tare da kowa, za a ɗauki lokacinsu, amma ba za a sa su a jerin na ɗaya da na biyu ba.

"Wato mu yi gudu kamar ba mu yi ba," in ji Rinka.

"Akwai wata hanya," in ji Malam. "Akwai wata 'yar aji ɗaya, Momoka, mai busa sarewa. Ta ce in an rasa mutum za ta gwada. Da ita za a lissafa ku."

"Ta taɓa gudu?"

"Ta ce tana bin bas da gudu da safe."

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya san abin da tseren yake a wurin Rinka. Tun tana ajin farko take bin mutane a wurin takalma, wannan kuma shekararta ta ƙarshe. Abin da take so shi ne ta ga sunan Kazahama a jarida, cikin jeri, da lamba a gefensa, ko da lambar ƙarshe ce.

Chisato ta ce, "Ku sa Momoka, Yaya. Ni dama can riƙe goran ruwa na saba."

Rinka ta juyo. "Wa ya tambaye ki?"

"Ai gaskiya ce. Da ita za a rubuta sunan makaranta."

"Ke kina son gudun ko ba kya so?"

"Ban sa..."

"Kada ki ce mini ba ki sani ba! Gidanku duk ba wanda ya san komai! Na ce kina so ko ba kya so?"

Tun zuwan Chisato garin ake yi mata tambayoyin da amsarsu tana hannun wasu. Wannan kam tata ce.

"Ina so," ta ce.

Rinka ta juya musu baya, ta daɗe tana kallon jiragen kamun kifi. Da ta waiwayo hancinta ya yi ja. "Malam, a bar yarinyar mutane ta busa sarewarta. Kurahashi ce za ta ɗauki zangon ƙarshe. In na ji kin yi tafiyar hawainiya, sai na jefa ki a teku."

Ranar tsere gari ya waye da sanyi da yayyafi. A babban birnin lardi aka yi. Duk makarantu an ba su lamba fara ta maƙalawa a ƙirji, su Kazahama aka ba su ruwan ɗorawa. Wani alƙalin wasa a wurin miƙa ɗamara ya dubi ta Chisato ya ce ta tsaya a gefe, wani ya zo ya ce ta shiga layi, na farkon ya dawo ya tambaye ta wa ya ce ta shiga. Suna cikin gardama sai ga ƙaramarsu ta ɓullo daga kwana, fuska a murtuke, tana tangaɗi, ta riga ta cire ɗamarar tana miƙowa. Chisato ta ratsa tsakanin alƙalan ta fizge ta. A jiƙe take sharkaf da gumin mutum huɗu. Ta rataya ta, ta zuba a guje.

Mutane sun cika gefen titi da 'yan tutoci. Wani tsoho mai ƙirga masu wucewa ya nuna ta ya ce, "Ta goma sha huɗu!" Na kusa da shi ya ce, "A'a, wannan ba a ƙirga ta." Ta wuce su ba ta ji yadda suka ƙare ba.

Ta cim ma wata, ta wuce. Ta cim ma wata. Ta ukun, mai koren wando, ta ƙi sakinta, suka jera kafaɗa da kafaɗa a kan gada. Yarinyar ta saci kallon lambar ƙirjinta, tana haki ta ce, "Ke... ana lissafa ki?"

"Ban sani ba!"

"To in bi ki... ko in ƙyale ki?"

"Oho miki!"

Yarinyar ta bi ta. Suka yi ta yi har ƙofar filin wasa, huhun Chisato kamar an zuba masa barkono. A daidai shiga ta ji muryar da ba ta taɓa jin ta da ƙarfi haka ba, "Chisato! Chisato! Ɗaga ƙafa!" Baba ne, yana gudu a bayan 'yan kallo da lema a hannu. Mama tana biye da shi tana ƙwala masa kira ya dawo da lemar, ruwa na dukanta. Mai koren wando ta riga Chisato taka layi da taku ɗaya, ta faɗi a ciyawa, ta ɗago kai ta ce, "Na kayar da ke ko ban kayar da ke ba?"

Rinka ce ta iso da bargo ta rufe Chisato, ta rungume ta har ta kusa karya mata haƙarƙari. Kuka take yi tana zagin ta. "Taku ɗaya! Taku ɗaya, 'yar birni! Da me kike tunani?"

Washegari jarida ta jera makarantu da lambobinsu. A can ƙasa, bayan ta ƙarshe, aka rubuta Kazahama da lokacinsu, aka ja ɗan layi a inda lamba za ta zauna. Ƙananan suka zauna suka auna lokacin da na sauran, suka ce su ne na goma sha biyu. Malam Sekine ya ce a hukumance ba su zo na komai ba. Shugaban makaranta kuma ya yabe su a taron safe ya ce sun zo na goma. Ba wanda ya gyara masa.

Kwamitin ya zauna a Disamba, ya nemi ƙarin bayani. Malam Udagawa ya aika. Aka ce za a sake zama. Kafin a sake zaman dusar ƙanƙara ta rufe gari ta narke, wata shidan suka cika don kansu, ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Baba bai samu sauyin wurin aiki ba a wannan shekarar. Ya ci gaba da zuwa duk Asabar, wani lokaci da kwali ɗaya, wani lokaci hannu sake. Shi da Mama ba su daina faɗa ba, sai ma abin da ya ƙaru, kuma Chisato ta lura Mama ta fi cin abinci a ranakun faɗan. Da rani ya fara shigowa Kaka ya sa aka fito da shi tsakar gida a kujera, aka ajiye wa Baba bokitin kifi da wuƙa, wai sai ya koyi feɗewa. Baba ya kama na farko ya yi masa kaca-kaca.

"Shekara nawa... kana auren 'yar masunci," in ji Kaka, "ka riƙe wuƙa... kamar alƙalami."

"Ai ina koyo, Baba."

"Ɗauko wani."

Baba ya naɗe hannun riga ya sa hannu a bokitin.